Layi na Sittin da Uku

Litinin, 5 ga Mayu 2008, ƙarfe huɗu na yamma

Yara goma sha ɗaya ne suka zo ajina yau, cikin talatin da huɗu. Na kira sunaye duka kamar kullum. Da aka fita tara, mai makarantar ya aiko a kira ni ofis. Bai ce in zauna ba. Ya ce, "Malama Tabitha, ki je gida ki ɗan huta zuwa ƙarshen zango." Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ce na gaji ba." Ya ce ba shi ba ne, iyayen yara ne. Sai ya turo mini wata takarda da bakin biro, bai yarda yatsansa ya zo kusa da nawa ba.

Fotokofi ce. Jadawali, layi bisa layi, babu suna ko ɗaya. An zagaye layi na 63. Mace. Shekara 39. Palladan. Malamar firamare. Bajju. Miji ya rasu 2003. Haihuwa ɗaya, 'ya'ya biyu. Sai nauyina, sai sunayen ƙwayoyin da nake sha safe da yamma, sai wasu lambobi na jini.

Malaman firamare Bajju nawa ne a Palladan masu tagwaye, waɗanda suka binne miji a 2003?

A gefen hagu na takardar akwai wani baƙin zane daga sama har ƙasa. Injin fotokofi ɗaya ne a duk Samaru yake yin wannan zanen. Duk takardun Zumuntar Mata na cocinmu suna da shi, don a shagon Rhoda muke buga su.

Talata, 6 ga Mayu, bayan magariba

Ban fita ba. Na sha na safe. Na sha na yamma.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta yadda aka yi, don kada nan gaba wani ya ce ruɗewa na yi.

Shekara biyu da suka wuce, a ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwar Sabon Gari inda muke karɓar maganin ƙanjamau ranar Talata, Likita Celestine ya ce yana wani bincike. Zai riƙa rubuta nauyinmu da jininmu da yadda maganin yake karɓar kowa. Ya kawo takarda. Na karanta da kaina, ni malama ce. An rubuta ba za a sa sunan kowa ba. Na tambaye shi sau biyu, ya dafa ƙirji. Na sa hannu.

Bai sa sunana ba. Ya cika alkawari. Allah ya isa.

Na gode wa Ubangiji 'yan biyuna suna makarantar kwana a Zonkwa. Kafin hutu ya zo, zan san abin da zan faɗa musu.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Na je shagon Rhoda. Ni da ita shekara goma sha huɗu muna benci ɗaya a coci. Ni na riƙe mata lema ranar aurenta da Toma. Na yi azumi da ita ban san sau nawa ba a kan rashin haihuwarta.

Tana ganina ta miƙe. Ta ce, "Yaya Tabitha, sannu da zuwa." Na ajiye takardar a kan injin. Na ce, "A ina kika samu?" Ta ce wani ɗalibi ne ya sauko da ita daga intanet, yana aikin digiri, ya kawo a buga masa, idonta ya faɗa kai.

Na ce, "Idonki ya faɗa. Hannunki kuma kwafi nawa ya yi?"

Ta ce biyar. Fasto, matar fasto, uwar Zumunta, mai makarantarmu, da wata a kwamitin iyayen yara.

Ta ce, "Yaya, ke kike dafa abincin Zumunta. Ke kike yanke wa yara farce a aji. Da kin faɗa mini, da na san yadda zan yi. Shekara biyar muna ci kwano ɗaya, ba ki ce komai ba!"

Wai ita aka yi wa laifi. Na dube ta, na dubi injin. Akwai guduma a kan tebur da take buga manyan ƙusoshin takardu da ita. Na daɗe ina kallon gudumar kafin na fita.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Benci mai ɗaukar mutum takwas, ni kaɗai. An sanar cewa Rhoda za ta riƙe muƙamin sakatariyar Zumunta har in sami sauƙi. Sauƙin me? Ko mura ba na yi.

Na rera waƙa da ƙarfi fiye da kowa. Su ji.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na shiga wurin Likita Celestine ban jira a kira ni ba. Ya karanta takardar, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

Ya ce, "Madam, ki fahimce ni. Yanzu haka ake yi. In ka yi bincike sai ka saki alƙalumanka a fili, kowane likita a duniya ya duba, ya gani ko ka yi kuskure. Kin tuna bara da na canja miki ƙwaya ɗaya, jirin da kike yi ya tsaya? Wasu masana ne a wata ƙasa suka duba wannan jadawalin, suka lura tana shanye jinin mata marasa nauyi. Ni ban lura ba. Mata goma sha tara na canja wa."

Na ce, "Su sun san nauyina, amma ba su san cocinmu ba. Rhoda ta san cocinmu."

Ya ce bai taɓa tunanin wani a Zariya zai buɗe shi ba. Na ce jami'a ce a Samaru ko kasuwar awaki? Na ce, "Me ƙabilata ta ƙara wa bincikenka? Unguwarmu fa? Shekarar da na binne mijina Gregory fa?" Ya ce ya ɗauka za su yi amfani. Ya ce zai rubuta a cire waɗannan. Na ce ya rubuta a cire su daga bakin matan Zumunta ma.

Gaskiya ce, jirin ya tsaya. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Ba zan yafe ba. Ba zan yafe ba. Na rubuta sau biyu don in ga yadda yake a takarda. Ya yi mini kyau.

Jumma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Na hau acaɓa zuwa kafen intanet na Chuks da ke kusa da Kwangila, inda ba a san ni ba. Na ba shi adireshin da ke ƙasan takardar. Ya ce, "Madam, layi yana ja yau, sai haƙuri." Kusan awa ɗaya. Ya buga mini duka, shafi tara, layi 212. Bai ko duba ba, ya naɗe ya miƙo. Kowa zai iya zuwa ya yi haka. Kowa.

Rhoda shafin mata kawai ta gani. Ashe akwai na maza a baya.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na shimfiɗa su a tabarma, na ɗauki rula ina bin layi ɗaya-ɗaya kamar mai duba jarrabawa. Na gane mutum goma sha huɗu. Ba wuya. In ka zauna benci ɗaya da mutane kowace Talata, ka san mai sayar da kifi, ka san matar ɗan sanda.

Layi na 178. Namiji. Shekara 47. Hayin Dogo. Mai gyaran agogo. Yana da aure. Ba ɗa.

Ba jadawali ne ya faɗa mini ba. Tun watan Maris na 2006 na ga Toma, mijin Rhoda, a layin maza, ya ja hula ya rufe fuska. Muka haɗa ido. Ranar Lahadi ya zo da farantin baiko gabana, dattijon coci guda. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ban faɗa wa matarsa ba. Na ce ba nawa ba ne.

Amma yanzu yana a rubuce. Ba ni na rubuta ba. Yana a fili, kowa zai iya dubawa, haka likita ya ce.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Kwafi hamsin na shafi na takwas. A unguwar PZ na yi, injin mai tsabta, babu zane. Na zagaye 178 a kowanne da hannuna. Ranar Alhamis 29 ga wata akwai babban taron Zumunta, matan cocin gunduma duka za su zo, Rhoda za ta zauna a teburin gaba da sabon littafin sakatariya. Akwai lokacin ba da shaida. Zan ba da shaida.

Ita biyar ta yi. Ni malama ce, na iya ninkawa.

Laraba, 21 ga Mayu, da yamma

Na ci abinci sosai yau, karon farko.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Bisi ta zo. Ita ce telar da ke ɗinka mana kayan Zumunta a Sabon Gari, ita kaɗai ce har yanzu take shigowa ɗakina ta sha ruwa a kofina. Tana da dalili. Ita ce layi na 29.

Na nuna mata kwafin. Na ɗauka za ta yi dariya. Ta ajiye kofin ta ce, "Maman 'Yan Biyu, kin haukace? Yanzu suna ɗauka takarda ɗaya ce ta faɗo daga sama. Ki koya musu cewa ana iya bin layi a gano mutum, gobe kowa zai tafi kafe da rula. Telolin Yarbawa nawa ne a Muciya masu 'ya'ya huɗu? Kina so a daina kawo mini ɗinki?"

Na ce ba shafinta zan raba ba. Ta ce, "Shafi na takwas ne, an rubuta a ƙasa. Ba za su nemi na ɗaya zuwa bakwai ba?"

Na tattara kwafin na mayar jaka.

Da za ta tafi, tana saka takalmi, ta ce, "Kin san ƙawarki ta kawo rigar Zumunta a buɗa mata ta ciki? Sau biyu ke nan tun Ista. Ciki ne wata biyar, in idona bai yi ƙarya ba. Ɓoyewa take yi, tana tsoron baki."

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan sujada

Na duba. Gaskiya ne. Tana ɗaura zane a sama, tana riƙe jaka a gaba.

Shekara goma sha biyu tana neman haihuwa. Ni na yi azumin nan tare da ita.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Ranar yara. Daga ƙofata na ji gangar 'yan makarantarmu suna wucewa zuwa fareti. Ni na koya musu takun. Suna karkacewa a juyin hagu, na ji a ganga.

Na je asibiti. Na ce wa Likita Celestine, "Matar 178 tana da ciki." Fuskarsa ta canja. Ya ce shekara biyu yana roƙon mutumin ya kawo matarsa, ya ƙi. Ya ce akwai maganin da ke kare jariri in an fara da wuri, amma sai uwa ta zo an gwada ta. Na ce to ya aika a kira ta. Ya ce, "Ba zan iya ba, Madam. Sirrin marar lafiya ne."

Na yi dariya har nas ta leƙo. Sirrin Toma yana kulle a durowa, nawa yana yawo a duniya.

Na ce masa abu ɗaya nake so daga gare shi. Ranar Talata ya fito gaban benci, ya tsaya da ƙafafunsa, ya faɗa wa kowa abin da ya saka a intanet. Ya ce zai yi tunani. Na ce in bai yi ba zan rubuta wa duk wanda yake sama da shi, har in gaji da sayen kan sarki.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na je taron. Kwafi hamsin a jakata, a ƙarƙashin littafin waƙoƙi. Mata sun fi ɗari biyu. Da aka ce mai shaida ya tashi, na tashi. Na tafi gaba. Rhoda ta daina rubutu. Na dube ta har ta sunkuyar da kai, na ci gaba da dubanta. Hannuna yana cikin jaka. Bisi tana bakin ƙofa da tarin riguna a hannu.

Na ce, "Salama, iyayena da 'yan'uwana. Na zo karɓar tukwanena."

Manyan tukwane uku da ake dafa abincin taro nawa ne, na gado ne daga uwata. Suna kan wuta a bayan coci, shinkafa ta rabin nuna. Na tsaya a kansu har aka juye a robobi da bokitai. Na sa aka wanke. Na ɗora su a acaɓa biyu.

An ce sai ƙarfe huɗu suka ci, kuma da tsakuwa-tsakuwa. Madalla.

Takardun suna nan.

Jumma'a, 30 ga Mayu, ƙarfe sha biyu na rana

Na sami Toma a rumfarsa, gilashin gyara a ido ɗaya. Na ajiye masa kwafi ɗaya a kan agogunan. Ya karanta. Gilashin ya faɗo.

Ya ce, "Maman 'Yan Biyu, don Allah ki rufa mini asiri."

Na ce, "Dattijo, shekara biyu na rufa maka. Matarka ta buɗe nawa a yini ɗaya, kana zaune a gidan, ba ka ce mata uffan ba."

Ya ce ya ji tsoro. Ya ce in ta haihu zai faɗa mata, in ta ji yanzu cikin zai iya zubewa, sun daɗe suna jira. Na ce in ta haihu an makara, likita ya faɗa masa, ya sani. Ya fara kuka a gaban masu wucewa. Na ce yana da zuwa ranar Lahadi.

Kukansa bai taɓa ni ba ko kaɗan. Na duba zuciyata da kyau, babu komai.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan sujada

Sun shigo tare, tana murmushi, yana riƙe mata jaka. Bai faɗa ba.

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Na je da ƙarfe goma, lokacin da ɗalibai suke aji, shagon ba kowa. Na tura ƙofa na rufe. Ta ce, "Yaya, in maganar tukwane ce..." Na miƙa mata shafin. Na ce, "Kwafi ɗaya za ki yi mini."

Ta karɓa don hannunta ya saba. Ta ɗaga murfin injin. Sai idonta ya faɗa kai.

Na ga leɓenta yana bin kalmomin. Hayin Dogo. Mai gyaran agogo. Ta koma farko. Ta ce, "Ƙarya ne." Na ce ba ni na rubuta ba, takardar da ta gaskata a kaina ce, shafin baya. Ta ce akwai masu gyaran agogo da yawa. Na ce ta lissafa mini su. Ta zame ta zauna a ƙasa, hannu biyu a ciki.

Zan rubuta gaskiya, don littafin nan nawa ne. Na ji daɗi. Daɗi mai sanyi, tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Na tsaya a kanta na sha shi. Ya yi kamar minti ɗaya.

Ta ɗago ta ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun 2006. Ta ce, "Kika bar ni?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba. Mako huɗu ina shirya maganganu, ban shirya wa wannan ba.

Na ce, "Talata ake ganin likita. Ki zo da wuri. Akwai maganin da ke kare jariri, amma ba ya jiran kowa." Na buɗe ƙofa na fita.

Talata, 3 ga Yuni, da yamma

Ba ta zo ba. Likita ma bai fito gaban benci ba. Na rubuta wasiƙa ta farko.

Alhamis, 5 ga Yuni, da safe

Kika bar ni. Kika bar ni. Ita ce za ta tambaye ni?

Asabar, 7 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Bisi ta kwashe sauran kwafin, ta ce za ta hura gawayin guga da su. Na bar ta. Ta ce Rhoda ta koma gidan yayarta a Unguwar Gabas, Toma bai buɗe rumfa ba kwana uku. Na je kafen Chuks na sake dubawa. An cire unguwa, an cire sana'a da ƙabila. Yanzu 63 mace ce kawai mai kilo hamsin da biyu. Mai makaranta bai kira ni ba. An ce ya ɗauki wata.

Talata, 10 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Ya fito. Ƙarfe takwas da rabi, Likita Celestine ya tsaya gaban benci, ba takarda a hannu, ya faɗa da Hausarsa mai karyewa, ya sake faɗa da Turancin kasuwa. Ya ce kuskurensa ne, ba na nas ba, ba na kowa ba. Ya ce duk wanda yake so a cire layinsa gaba ɗaya ya faɗa. Matar ɗan sanda ta zage shi da yarensu. Mai kifi ta tambaya ko za a daina ba da magani, ya ce a'a, ta ce to a bar nata. Mutum tara suka ce a cire. Da ya zo kaina ya tsaya. Na bar shi a tsaye ya daɗe. Na ce a bar nauyina da jinina, su yi wa wata amfani. Sauran kuma nawa ne.

Wajen ƙarfe tara Rhoda ta shigo, ita kaɗai, gyale har goshi. An riga an gwada ta a wani wuri, takardar tana hannunta a ninke. Babu wuri sai kusa da ni. Ban ɗauke jakata ba. Bisi ce ta miƙo hannu ta ɗauke.

Ta zauna a ɗan bakin bencin. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yaya, maganin yana da ɗaci?"

Na ce, "Kamar maɗaci."

Ƙarya ne. Ba shi da wani ɗanɗano, haɗiyewa kawai ake yi. Na bar ta da wannan har aka kira ta.

Da ta shiga, na fita bakin titi wurin mai shayi, na sayo burodi da shayi mai madara, don ranar farko ba a sha da ciki wayam, ba wanda ya faɗa mini haka lokacin nawa. Na ajiye a inda ta tashi, na rufe kofin da katina don ƙuda. Da ta fito ta gani, ta tsaya. Na ce, "Na yaron ne. Ba naki ba."

Ta shanye duka.